Matar Da Ba Ta Yi Kuka Ba

Faraku, 11 ga Fabrairu, 1996

Zuwa ga ƙanwata Bake, ungozomar Gabon,

Ina gaishe ki, matata Daado ma tana gaishe ki, yara kuma sun ce in sa sunansu ko da ba su san fuskarki ba. Ina fata kina lafiya, kuma matan Libarabil suna ci gaba da haihuwa don kada ki rasa abin yi. Mu nan lafiya muke, in ban da gwiwata ta hagu da ta fara yi mini gardama duk sanda zan hau benen makaranta. Daado ta ce tsufa ne. Ni na ce benen ne aka gina ba daidai ba.

Na san ba za ki tambayi ɗan farinki ba, ke da ko sunansa ba kya kamawa, don haka bari in ba ki labari ba tare da kin zubar da mutuncinki ba. Woru lafiyarsa ƙalau. Yaron da kika ba ni yana shekara huɗu yanzu sai na ɗaga kai nake yi masa faɗa. Bana yana ajin ƙarshe, kuma a ajina, abin da ni da shi duka muke ɗauka a matsayin jarrabawa daga Allah. In ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, a watan Yuli, maganar zuwansa wurinki ya shiga jami'a tana nan yadda muka tsara.

Ga abin da ya ba ni dariya a wannan mako. Ma'aikatar ilimi ta aiko mana da wasu gajerun labarai a koya wa 'yan ajin ƙarshe. Ɗaya daga ciki labarin wani mai injin niƙa ne da aka tsinci gawarsa da safe a bayan shagonsa, an fasa masa kai da ƙarfe. Mutum uku ke kewaye da shi: ƙanensa da suke rigima a kan injin, da wani ma'aikaci da ya kora, da matarsa. Marubucin, Allah ya shirye shi, ya ƙare labarin bai faɗi wanda ya yi ba. Shafin ƙarshe dai matar ce tana dafa wa masu ta'aziyya abinci, idonta a bushe, sannan ta zauna ta ci nata.

Na tambayi aji wa ya yi kisan, ina zaton za a yi mini shirun da aka saba. Ashe alƙalai arba'in nake koyarwa ban sani ba.

Hammadi, wani Bafulatani mai zama kusa da taga, ya ce, "Malam, ƙanen ne. Duk inda aka kashe mutum a dubi wanda zai gaji shanunsa."

Na ce babu shanu a labarin.

Ya ce, "Injin ai saniya ce, Malam. Kullum tatsar ta ake yi."

Sidoni, 'yar wani jandarma daga kudu, ta ce a kama su duka uku, kafin Juma'a wani zai yi magana. Da aka gama dariya sai ta gyara zama ta ce, "Amma dai matar ce. A garinmu macen da mijinta ya mutu ba ta yi birgima a ƙasa ba, ba sai an nemo alƙali ba."

Nan fa 'yan arewa suka yi mata ca. Buyon, wata 'yar garin Nikki mai baki kamar reza, ta ce, "Wato sai ta yi ta ihu kamar akuyar da za a yanka? Kakata ta haifi tara, ko ƙishin ruwa ba wanda ya ji ta ce. Ku in ƙaya ta soke ku sai an kira 'yan kwana-kwana."

Aji ya rabu biyu daidai inda taswira ta raba ƙasar. Ina tsaye ina jin daɗi, sai ga hannun Woru a sama, shi da ba ya magana a ajina sai in na kira lambarsa. Ya ce matar ce. 'Yan arewa suka juya suna kallonsa kamar wanda ya sauya addini. Na ce ya kawo hujja.

Ya ce, "Rashin kuka koya mata aka yi, Malam, wannan ba ya nuna komai. Amma ta ci abinci. Ba a koya wa mutum yunwa."

Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa jin ɗalibi ya karanta shafi da irin wannan ido ba. Na ba shi maki mafi girma, na kuma ɓoye alfaharina yadda ya kamaci Babarge, ɗan ƙabilarmu. Ki aiko da sunan takardun da jami'ar ke bukata.

Yayanki,
Tori

Faraku, 19 ga Maris, 1996

Bake,

Gaisuwa daga gida duka. Gwiwa tana nan da halinta. Autarmu ta yi ƙyanda amma ta miƙe. Ban ji daga gare ki ba. An ce ma'aikatan gidan waya na Kwatano suna yajin aiki, na kuma zaɓi in yarda da haka, don ɗaya bayanin shi ne kin zama babbar mace.

Mai injin niƙa ya ƙi binnuwa. Da na ga gardamar ta bi yara har wajen mai ƙosai, sai na ce to a yi shari'a sosai. Muka jera tebura, Hammadi ya zama alƙali da hular sanyi a kansa, Buyon ta tsaya wa matar, Woru ya zama mai gabatar da ƙara. Ba ni na sa shi ba, shi ya nema.

Da kin ji shi. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya bi labarin layi-layi: ga inda matar ta daina yi wa mijin magana, ga inda ta san lokacin da yake rufe shago, ga inda ta miƙa hannu ta ƙara miya. Buyon ta ce duk wannan ba jini ba ne a hannu. Ya ce, "Ban ce akwai jini ba. Na ce mace ce da ta huta." Yarinyar nan mai baki kamar reza ta koma ta zauna. Masu yanke hukunci suka kama matar da laifi, har da wasu 'yan arewa, ni kuma na tashi kotu kafin a rataye ta a jikin allo.

Bakinki ya gado, wannan ba shakka. Na ce in gaya miki tun yanzu don ki san irin mutumin da za ki tara a filin jirgi, kada ki zaci ɗan yaron da kika bari ne.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Sau biyu ina tura shi ya ɗauki hoton fasfo, sau biyu yana dawowa da dalili. Lalacin shekarunsa ne, ina ji. Ni a shekarunsa wanka ma sai an yi mini shela.

Tori

Libarabil, 14 ga Afirilu, 1996

Yaya Tori,

Ina gaishe ka da Daado da yara. Allah ya ƙara wa auta lafiya. Ni lafiyata lau. Takardunka biyu sun zo mini rana ɗaya, na karanta su a jere a ɗakin haihuwa, tsakanin wata mace da wata.

Ban san ka iya irin wannan ba. Na san ka da ba'a tun muna yara a gidan kakanmu, amma ba'arka ba ta taɓa zuwa da wuƙa a ɓoye ba. In kana da magana da ni, ka faɗe ta da sunana. Ba sai ka sa mini zanen matar mai injin niƙa ba.

Ko ka manta ne, in tuna maka? Dosu, mijina, makanikin jirgin ƙasa, ya ci tuwon dare a hannuna, cikinsa ya murɗe, kafin la'asar kashegari ya mutu. Aka kai gawa Bohikon, can kudu, wurin danginsa. 'Yan'uwansa mata suka yi ta faɗuwa suna tashi, suna yage riguna. Ni na zauna yadda uwata ta koya mini, yadda taka ta koya maka, bayana a miƙe, idona a bushe. Senami, yayarsa, ta nuna ni da yatsa a gaban mutane ta ce, ku dubi fuskar wadda ta dafa tuwon. Ba wanda ya kai ni gaban hukuma. Daina cin duk abin da hannuna ya taɓa kawai suka yi, har ruwan randa. Kai ka zo tasha ka tare mu da na dawo Faraku. Kai na miƙa wa yaron, kamar yadda ake miƙa ɗan fari ga kawunsa, na kuma yi nisa don maganar ta mutu ba ta same shi ba.

Shekara goma sha huɗu ban saka baki a tarbiyyar ɗanka ba. Ban rubuta masa ba, ban tambaye ka me yake ci ba. Haka ake yi, na yi. Yau cikin duk labaran duniya ka zaɓi wannan ka ajiye a gabansa, ka ba shi maki don ya ce matar ce, ka jera masa tebura ya yi shari'a, sannan ka rubuto kana cewa in san irin mutumin da zan tara. Na ji. Wato kai ma tun ranar tasha kana da tambaya a cikinka, sai yanzu ka sami ɗalibin da zai yi maka ita.

Ka faɗa mini abu biyu kai tsaye. Me ka gaya masa? Kuma zai zo ko ba zai zo ba?

Bake

Faraku, 9 ga Mayu, 1996

Bake, ƙanwata,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don na ga taki ma a tsaye kika yi ta.

Ban zaɓi labarin ba. Yana cikin abin da aka aiko wa duk makarantun ƙasar, kuma a yanzu haka akwai wani malami a Natitingu da ke fama da mai injin niƙa. Ban gaya wa Woru komai ba. Tambayar da kika ce tana cikina kuwa, ba ta taɓa kwana a can ba.

Amma kina da ikon tambayar yadda mutumin da ya ƙare idonsa a karatu ya kasa ganin abin da ke gabansa. Na karanta labarin nan ya fi sau biyar kafin in kai shi aji. Na ga ƙarfen, na ga ƙanen, har na gano wani kuskuren marubucin a kan injin. Layin da ya ce idonta a bushe kuwa na wuce shi kamar an ce ta share tsakar gida. Me zan gani a ciki? Da aka binne ubana, uwata gyaran murhu take yi. Ni a wurina mace mai bushewar ido a gidan makoki mace ce kawai mai tarbiyya. Sidoni 'yar shekara sha bakwai ta ga abin da Senami ta gani, ni ban gani ba, don idon Bargawa gare ni, kuma na zaci shi ne idon kowa.

Ranar da takardarki ta zo na kira shi bayan la'asar, muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Na fara da maganar hoton fasfo. Ya ce ba ya bukata.

Na ce, "Gabon ba sa karɓar mutum da kyawun fuska kawai."

Ya ce, "Ba za ni ba, Baba."

Na tambaye shi dalili. Ya yi ta murza ganye a hannu, sannan ya ce Gwaggo Senami ta ce in ya ci bak akwai ɗaki a gidan ubansa, daga can kuma jami'ar Kwatano ba nisa.

Ashe Senami tana zuwa Faraku sarin doya. Shekara biyu ke nan da ta gane shi a bakin makaranta, wai tafiyar Dosu ta gani. Duk zuwanta sai ta neme shi, ta saya masa gasasshen nama, ta ba shi labarin ubansa. Ni ina nan ina gyara masa waƙafi da aya.

Na ce, "To me ta ce maka a kan uwarka?"

Ya ce, "Ba ta ce komai ba da farko. Ni na tambaye ta."

"Me ya sa?"

"Saboda na tuna wani abu, Baba. Ina tsaye a bakin wata ƙofa, ana ta kuka a waje. Ita tana zaune a ciki tana cin abinci, tana suɗe yatsu. Da ina zaton mafarki ne. Gwaggo ta ce ba mafarki ba ne."

Na yi masa duk abin da malami zai yi. Na ce abin da yaro ɗan shekara huɗu ya gani ta bakin ƙofa ba shaida ba ne. Na ce mutum yana iya cin abinci don kada ya faɗi. Na ce shi da kansa ya sani labarin mai injin ba shi da amsa, shi ya sa aka rubuta shi haka.

Ya ce, "Labarin ba shi da amsa don marubucin ya ɓoye. Ita tana raye."



Yanzu ga roƙona. Na san al'ada, na san ba ki taɓa aika masa ko layi ɗaya ba, na kuma san a wurinki a tambaye ki ma zagi ne. Amma shirun da muka yi masa don mu kare shi, Senami ta same shi a buɗe ta zuba nata a ciki. Ki rubuta abin da ya faru da bakinki. Jarrabawa ta kusa. In ya gama ya shiga jirgin ƙasan kudu da wannan a zuciyarsa, ba na jin za ki ƙara ganinsa, ni ma ban san ko zan ƙara ba.

Tori

Libarabil, 6 ga Yuni, 1996

Yaya,

Ina lafiya. Ka gai da Daado. Na yarda ba ka zaɓi labarin ba. Makanta irin taka ba a iya ƙirƙirar ta.

Ba zan rubuta masa ba. Kai ne ubansa, kai zan gaya wa, in ka ga dama ka karanta masa, in ka ga dama ka hura wuta da ita.

Kana jira in ce na shiga bayan ɗaki na yi kuka inda ba mai gani. Da zai yi maka daɗin karantawa. Ban yi ba, a fili ko a ɓoye.

Dosun da na aura, wanda na bijire wa gidanmu saboda shi, ya riga gawarsa tafiya da shekara biyu. Wanda ya rage mutum ne mai dawowa da warin giya da hannu mai nauyi. Ban gaya maka ba, don ni na zaɓe shi, kuma ba a koya mana kai ƙarar ciwo ba. Tuwon daren nan mu uku muka ci daga tukunya ɗaya, har da ɗanka. Bayan ya ci ya fita wurin abokansa, ban san me ya sha ba. Yau da na yi shekaru a asibiti ina zaton hanjinsa ne ya fashe, amma zato ne, ba wanda ya buɗe shi ya duba, kuma ba ni da takardar da zan nuna wa kowa.

Ban sa masa komai ba. Amma na sha roƙon Allah ya raba ni da shi, ban kuma faɗa wa Allah ta wace hanya ba.

Abin da yaron ya gani gaskiya ne. Kwana na uku a Bohikon wata tsohuwa ta ji tausayina ta kawo mini kafa, wato dafaffen ƙullun masara, da soyayyen kifi da yaji. Na kai loma ɗaya, sai na ji abinci yana da ɗanɗano, abin da na manta. Ba wanda zai ƙara buɗe mini ƙofa da ƙafa. Na cinye duka, na suɗe yatsuna. Na ɗago kai na gan shi a bakin ƙofa, na kuma ga Senami a bayansa.

Ya ce matar ta huta. Ya karanta daidai. Na huta. Abin da ya ɗora a kai ne ba daidai ba, kuma ba ni da yadda zan raba masa su biyun. In wannan bai ishe shi ba, ya tafi gidan ubansa, Allah ya raya shi. Na aiko da tikitin jirgin sama ta hannun Hajiya Lamatu mai atamfa, na ranar Asabar ta biyu a watan Agusta. In bai yi amfani da shi ba, kada ka dawo mini da shi.

Bake

Faraku, 5 ga Agusta, 1996

Bake,

Gida lafiya, damina ta yi ƙarfi, rufin ɗakin karatuna yana yoyo daidai kan littattafan da na fi so. Woru ya ci bak, ya ci da kyau. Ki yi murna a ɓoye yadda kika saba.

Na riƙe takardarki har ya gama jarrabawa. Cikin makonnin nan na yi ta tunanin in yi mata abin da nake yi wa rubutun ɗalibai, in soke nan, in sassauta can. Addu'ar nan taki musamman, na so ƙwarai in tsallake ta. Sai na tuna yaron da ya kama yunwa a shafin da ni na wuce zai ji inda aka yanke. Na karanta masa duka.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in maimaita wurin addu'ar. Na maimaita. Ya ce, "Wanda yake so a yarda da shi ba ya faɗin wannan."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Sai dai in yana da wayo sosai."

Na ce wannan ma haka ne, kuma ina fata wata rana zai gane cewa duk shafin da aka karanta da irin wannan ido, ba mai fita daga cikinsa da rai, har shi mai karatun. Ya ce wannan ba hujja ba ce, Baba. Na ce na sani, shi ya sa nake koyarwa ban zama lauya ba.

Bayan kwana biyu ya je ya ɗauki hoton fasfo bai gaya wa kowa ba. Daado ce ta gani a aljihunsa.

Yau da safe na raka shi tasha. Ya ce shi kaɗai zai tafi, ya kuma zaɓi ya tashi yau Litinin alhali jirginsa na sama sai Asabar. Tikitinsa na Kwatano ne, amma kin san jirgin ƙasan kudu yana tsayawa a Bohikon kafin ya kai can. Ban tambaye shi ba. Na ba shi shawarar da ta rage mini, ya riƙe jakarsa da kyau a tashar Dasa, kada kuma ya sayi agogo a hannun kowa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce Allah ya kiyaye, na juyo, idona a bushe kamar na mutumin kirki. Gwiwar ce kawai ta ƙi tafiya, sai da na zauna a kan bencin masu jira har tashar ta watse.

Kafin wannan ta iso ki, kin riga ni sanin ƙarshen. Ki rubuto.

Tori

Libarabil, 25 ga Agusta, 1996

Yaya Tori,

Ina gaishe ku. Ɗanka ya iso lafiya. Ya sauka a Bohikon, ya kwana uku, ya ga kabarin ubansa, sannan ya wuce. Shi ya gaya mini haka tun muna cikin tasi, kamar mai biyan haraji. Ban tambayi me aka ce masa a can ba, shi ma bai tambaye ni komai ba. Ya fi yadda ka ce tsawo. Tafiyar ubansa gare shi, Senami ba ta yi ƙarya a nan ba.

Ranar farko na daka masa sakwara da miyar gida. Ya ce ya ci a jirgi. Na rufe na ajiye. Rana ta biyu ya fita ganin gari, ya dawo ya ce ya ci burodi a hanya. 

Rana ta uku na zuba mana a kwano ɗaya, ko da yake na san ba a yi da ɗa namiji mai gemu. Na ajiye a tsakaninmu. Ya wanke hannu ya zauna. Bai taɓa ba. Na sa hannu na kai loma, na haɗiye. Sannan ya sa nasa. Ya ci sosai, har ya ce miyar ta fi ta Daado, kada ka gaya mata.

Tun daga ranar tare muke ci, kuma kullum haka ne. Sai na fara, sai na haɗiye, sannan ya sa hannu.

Kai ka raine shi, kai ne kuma malamin karatu. Yaro mai tarbiyya ba ya riga babba sa hannu a kwano, na sani. Faɗa mini, tarbiyyarka nake gani, ko ɗaya abin?

Bake

Faraku, 17 ga Satumba, 1996

Bake, ƙanwata,

Muna lafiya. An koma makaranta, an ba ni sababbin alƙalai arba'in. Maganar miya ta tsaya a wurina.

Na so in ce miki tarbiyya ce, in rufe takarda in je in kwanta. Gaskiya ne na koya masa haka, kuma in muna da baƙo ko ina kallonsa, ba ya riga ni. Gaskiya ne kuma in ya dawo daga ƙwallo da yunwa, sau da yawa kafin in gama bisimilla ya yi rami a gefensa. Na tambayi Daado, ta ce yaro ne mai kunya a gaban wanda bai saba da shi ba. Na tambayi kaina, na sami amsa biyu, kowace da hujjarta. Ina jin in kika tambaye shi, shi ma biyun zai samu.

Abin da na sani shi ne akwai ɗaki a Bohikon, an share an shimfiɗa masa tabarma, ya kwana uku a ciki ya tashi ya zo inda kwanonki yake.

Ki ci gaba da fara sa hannu. In wata rana ya riga ki, kada ki ɗago kai ki dube shi. Ki tura masa naman gefensa kawai, ki ci gaba da cin naki.

Yayanki,
Tori